Ari Mai Banda da Kifin da Aka Naɗe ta Hagu

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Dole a Damagaram ta layin masu kifi ya san Ba Ari, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, da zanen Barebari a kumatu, ya fara ranƙwafawa, kuma hancinka ne ke fara gaisawa da shi kafin bakinka, don hayaƙin banda ya kama shi har cikin fata. Shi ke jiran rumfar Alhaji Tanimu dillalin kifi. Yana da wata ɗabi'a da ta ishi 'yan dako: kwalin kifi bai isa ya shiga rumfa ba sai ya kwance igiyarsa da hannunsa, ya juya na sama, ya zura hannu har ƙasa ya zaro na can ya duba. Mota na jira, direba na danna oda, ko a jikinsa. Alhaji yakan ce, "Ku ƙyale shi, Babarbare ne, ko ni na ɗaure kwalin sai ya kwance." Mutane sun ɗauka tsananin riƙon amana ne. Amanar akwai ta, ba a hana shi ba, amma ba ruɓaɓɓen kifi yake nema ba. Matarsa yake nema.

Sunanta Delu. Masu banda in za su kyafe tarwaɗa sukan lanƙwasa ta, su kai wutsiya wajen baki, su soke da tsinke, ta zama kamar gammo. Kowace mace a bakin tafki ta dama take naɗewa. Delu kuwa bahaguwa ce, uwarta ta yi faɗan duniya ba ta sake hannu ba, saboda haka nata kifin ta hagu yake kwanciya. In ta soke kuma sai ta karya kan tsinken ta tura shi ciki, wai kada ya soki hannun wanda zai buɗe kwalin a wani gari, mutumin da ba ta sani ba, ba kuma za ta taɓa gani ba. Ari ya sha yi mata tsiya a kan wannan ɓata lokaci. Takan ce, "Malam, kai dai kamo, ka bar min nawa."

Shekara ashirin da wani abu suna haka a wani ƙauyen masunta a bakin Tafkin Cadi, ta gefen Najeriya, shi ya kamo ita ta kyafe. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka zama su biyu kawai, ga faɗa ga shiri. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, yana kan ruwa yana duba ƙugiyoyinsa. Ya ji harbi, ya ɗaga kai ya ga hayaƙi ya turnuƙe garin, ba irin na banda ba. Ya juya kwalekwale zai koma, waɗanda suka tsero a jirgi mai inji suka tare shi, suka ce in ya je gawa kawai zai ƙara. Ya ce, "Delu fa?" Wani ya ce ya ga mata sun yi cikin ciyawa, wani ya ce shi bai ga kowa ba. Da ƙarfi suka ja shi cikin jirginsu. Har yau in ya tuna yakan ji haushin hannuwansa da suka saki sandar tuƙi.

Ya bi sansanonin 'yan gudun hijira na wajen Difa ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa fuskokin matan mutane har aka fara yi masa kallon taɓaɓɓe. A nan Alhaji Tanimu, wanda da can yakan je saro kifi a ƙauyensu, ya tsince shi a tasha ya bushe kamar karan dawa. Ya ce masa, "Ba Ari, yawon nan kashe ka zai yi. Zo mu tafi Damagaram. In tana raye ba za ta zauna ba sana'a ba, kuma kifin gabas ta gabana yake wucewa." Wannan maganar ce ta kawo shi Damagaram, wato Zinder, ba son birni ba.

Garin ya ba shi mamaki, kuma ba mamakin daɗi ba. Mutumin da ya tashi in ya buɗe ƙofa ruwa yake gani har inda ido ya ƙare, sai ga shi a garin da manyan duwatsu suka yi zaman dirshan a tsakiyar unguwa, ruwa kuwa sai an bi layi. Da bazara yakan tsaya ya kalli jerin rawayen bido, wato jarkokin ruwa, a bakin famfo, mata na zaune a kai suna faɗan wa ya riga wa. Ga shi kuma bai daɗe da zuwa ba hukuma ta tsai da safarar kifin tafki saboda tsaro, rumfar Alhaji ta yi tsit. Sai Ari ya kama kura ya zama ɗan ga-ruwa. Masunci yana tallan ruwa a bido! In ba abin dariya ba ne to abin kuka ne, shi kuwa bai yi ko ɗaya ba, tura kurarsa kawai yake yi.

Hausar ma sai da ya sake koyo. Makaranta ta koma lakwal, wutar lantarki kuran, unguwa kartiye, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Damagarawa mutane ne masu son tsokana, suka same shi kamar an aiko musu. "Ba Ari, ai sarakunanmu daga Barno suka zo, gida ka dawo." Yakan ce, "Wane irin gida ne ba ko kwaɗo?" Shekarar da aka rufe iyaka Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, duk wanda zufa ta dama sai ya biyo ta rumfa ya ce ya gaya wa mutanensu su maido da kuran. Shi da ya baro ƙauyen da ko turken wuta ba a taɓa kafawa ba.

Da ya ce a Kara-Kara ya sami ɗaki, 'yan kasuwa suka riƙe baki. Unguwa ce da a zamanin da aka ware wa kutare, kuma har yau wasu mutanen gari in za su ambace ta sai sun rage murya, kamar ba 'yan Adam ke kwana a can ba. Ari bai ga abin da ta fi sauran wurare ba sai talauci da ƙarar guduma, don tun safe mata ke fita fasa dutse. Mai gidan da yake haya wata tsohuwa ce, Kaka, wadda cuta ta rage mata yatsu tun tana budurwa amma ta bar mata harshe cikakke. Ranar da ya tare ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ma korarre ne? To shigo, nan duk mu ne." Ba ta ƙara tambayarsa komai ba sai da shi da kansa ya buɗe baki, bayan an yi damina biyu.

Yana da ƙaramar rediyo da yake ratayawa a ginshiƙin rumfa. In an zo labaran gabas sai ya daina ko me yake yi. Mai karanta labarai ya murɗe sunan wani tsibiri, ya ce an kashe mutum kaza, ya wuce zuwa ƙwallon ƙafa da murya ɗaya. 'Yan kasuwa su ɗauki musun siyasa, wa ya iya wa bai iya ba. Shi kuwa kowane suna aka faɗa ya san mashigarsa, ya san bishiyar da ake ɗaure jirgi, wani lokaci ya san mai sayar da shayin wurin. Abin yana yi masa ciwo, kuma ya fi yi masa ciwo da yake ba wanda zai juya ya gaya wa.

Da aka sake buɗe hanyar kifi ya ajiye kura ya koma rumfa, ya ci gaba da buɗe kwalaye. Shekara ta bi shekara. Gemunsa ya yi fari. Direbobin gabas duk sun haddace tambayarsa, tun kafin ya buɗe baki sukan ce, "Ba labari, Baba." Wasu sun ba shi shawara ya yi aure ko don ya sami mai dafa masa ruwan zafi, ya ce shi da matarsa.

Wata Alhamis da azahar ta kusa, wani direba mai suna Suma'ila ya sauke kaya. Ari ya kwance kwali na farko, na biyu, kamar kullum. A na uku ya ɗaga takardar sama sai hannunsa ya tsaya. Tarwaɗa ce baƙa sumul, ta kwanta ta hagu. Ya taɓa ganin irin haka sau ɗaya ko biyu a baya, don ba Delu kaɗai Allah ya yi bahaguwa ba, saboda haka ya danne zuciyarsa ya shafa babban yatsa a inda kan tsinke ya kamata ya fito. Babu. An karya an tura ciki. Ya zaro wata, haka. Ya kife kwalin gaba ɗaya a kan tabarma, abin da bai taɓa yi wa kayan Alhaji ba, ya durƙusa yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Duk hagu, duk ba tsini.

"Alhaji," ya ce, "tana nan."

Alhaji Tanimu ya taso ya duba, shi dai kifi ya gani. Aka kira Suma'ila. Ya ce a wata kasuwar kifi can bayan Difa ya yi lodi, wajen wasu mata da da can Najeriya ake kai kayansu, yanzu ne wani dillali ya fara juyo da shi nan. Bai san sunan kowa ba, bai kuma lura da hannun kowa ba. Amma in ya koma zai tambaya, in Allah ya yarda har ya haɗa su a waya. Ari ya so ya bi motar a ranar, Suma'ila ya ce sai ya fara kai kaya Maraɗi, kuma hanyar can ba a ɗaukar mutum haka kawai, ga shingayen sojoji ga tambayar takardu. Alhaji ya ce, "Ka yi haƙuri a fara ji tukuna. Kada ka ɗora rai da yawa." Ari ya yi dariya, dariyar da ba wanda ya taɓa ji a layin nan. Ya ce, "Alhaji, kai kifi ka sani a kwali. Ni hannun na sani. Mutum biyu ba sa yin wannan."

Kwalin nan bai bari an sayar ba. Ya ɗauke shi a ka har Kara-Kara.

Makonnin da suka biyo baya Ari ya zama wani mutum daban. Ya shafe ɗakinsa da farar ƙasa. Ya sayo randa, shi da tun zuwansa a bido yake shan ruwa kamar mai jiran mota. Ya roƙi Kaka ta sa a ɗinka masa labule, ta ce, "Yau kuma? Shekara nawa ƙofarka a wangame kamar bakin mahaukaci?" amma ta sa aka ɗinka, har ta haɗa da sabuwar tabarma daga wajenta. Ranar Juma'a bayan an sauko ya ƙi komawa gida, ya shiga Birni, tsohuwar unguwar garin, da ƙafa, yana bin lungunan yashi, yana kallon zanen da ke jikin tsofaffin soraye da dukawa masu ɗinkin fata a zaure. Ya fi shekara goma yana wuce su da kai a sunkuye. Yanzu komai ya gani sai ya ji abin da Delu za ta ce. Za ta ce duwatsun nan wa ya ajiye su bai dawo ya ɗauka ba. Za ta raina kifin fadamar da ake kawowa daga ƙauyuka, ta ce 'ya'yan kifi ne aka raba da iyayensu. Za ta yi faɗa da matan famfo ranar farko, rana ta biyu ta zama shugabarsu. Wajen wani baduku ya tsaya ya sa aka yanka takalmin mata, ya auna tsawon ƙafar da tafin hannunsa, bai yi shakka ba. A karo na farko ya ga garin yana da kyau, har ya ji kunyar zagin da ya sha yi masa a zuci.

Kiran ya zo ranar wata Talata da hantsi, kasuwa ta cika. A wayar Alhaji aka kira. Alhaji ya saurara kaɗan, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Suma'ila ne, ya ce, "Baba, ga wata baiwar Allah za ta yi maka magana."

Ari ya matse wayar a kunne da hannu biyu. Ya ce, "Delu?"

Muryar da ta amsa ta yarinyar mace ce, ba ta kai ta Delu kauri ba. Ta yi sallama ta gaishe shi da ladabi, ta ce sunanta Shatu.

"Baba, kai ne Malam Ari na Inna Bahaguwa?"

"Ni ne. Ba ta wayar."

Yana jin kukan awaki da hayaniyar kasuwarsu ta cikin wayar. Sai ta ce, "Baba, kifin da ka gani mu muka naɗe. Ni da sauran matan."

"Ƙarya ne," ya ce, ba da faɗa ba. "Naɗin hagu ne. An karya tsinke."

"Haka ta koya mana. Mu duk na-dama ne, Baba. Da muka zo nan mazanmu sun mutu, yawancinmu matan manoma ne, ba mu taɓa riƙe tarwaɗa ba. Ita ta tara mu ta ce ba za mu zauna jiran buhun taimako ba. Hannunta muke kallo mu yi yadda ta yi, ba wadda ta san akwai wani naɗin daban. In ka bar tsini kuwa sai ta sa ka kwance."

Ari ya zauna a kan wani kwali. Ya riga ya gane, amma ya tambaya, don dole sai an faɗa.

"Ita tana ina?"

"Inna ta riga mu gidan gaskiya. Daminar bara waccan, zazzaɓi ne, bai yi mako ba. A hannuna ta cika. Mun yi mata sutura yadda ya kamata, mutane sun taru sosai." Ta daure ta ci gaba. "Ba ta yi wani aure ba. Ta ce mana kana kan ruwa aka zo, wani ya ce mata ya ga kwalekwalenka yana yawo ba kowa a ciki. Ta yi maka takaba. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai ta soya waina ta raba wa yara, ta ce mu taya ta roƙa wa Malam gafara. Wallahi Baba mun roƙa maka, ba mu san kana raye ba."

Ya ce, "Na gode, 'yata. Allah ya yi muku albarka." Ya miƙa wa Alhaji wayar. Wata mata da ke tsaye tana jiran a auna mata kifi ta dube shi ta ajiye kwanonta ta koma gefe. Bai yi kuka a kasuwa ba. Ya tashi ya sauke rediyonsa daga ginshiƙi, ya nemi takalminsa ya rasa ƙafa ɗaya, Alhaji ya tsaida kabu-kabu ya hau bayansa ya raka shi har gida.

Kaka ce ta ɗauki ragamar komai. Ta ce ko shekara goma da rasuwa, yau mijinta ya ji, yau aka yi mutuwar. Ta aika aka gaya wa liman, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ari ya zaci mutum biyar ne za su zo, don shi a ganinsa baƙo ne har yanzu. Sai ga layin masu kifi kusan gaba ɗaya, waɗanda ke rage murya in an ce Kara-Kara, sun tuɓe takalma sun zauna. Ga 'yan ga-ruwan da suka yi turin kura tare, ga mata masu fasa dutse da ƙura a gira, ga samarin fada, 'yan daban unguwa da ake tsoro, sun yi layi suna miƙa hannu. Kowa ya ce masa ya haƙuri, shi kuma ya ce haƙuri sai Ma'aiki. Bakinsa ne kawai ke amsawa.

Da la'asar ta yi sanyi liman ya gyara zama zai yi addu'a. Wani dattijo da bai ji labarin daga farko ba ya matso ya tambaya yaushe aka yi rasuwar.

"Shekara biyu," in ji Ari. Da ya ji maganar ta fito daga bakinsa sai ya tsaya. Ya dubi liman kamar yanzu ya gan shi. Ya ce, "Malam, shekara biyu tana kwance a ƙasa. Ni kuma ba sallar da zan idar ban ce Allah ya tsare Delu, Allah ya ba ta lafiya, Allah ya ci da ita ba. Lafiyar me? Ita tana can tana nema min gafara ina nan ina cin tuwo. Ni da ta shiga kabari tana bukata, ko sau ɗaya ban roƙa mata ba. Ko sau ɗaya."

Nan ne kukan ya zo, kukan dattijo mai wuyar ji. Ba wanda ya motsa. Liman ya bari ya lafa, sa'an nan ya ce a hankali, "Allah ya san inda addu'a ta dace, Malam Ari, ba ya ɓatar da ita. Amma ga mu a zaune. Kai ne mijinta, kai za ka fara, mu ce amin."

Ari ya share fuska da hannun riga ya ɗaga tafukansa. Jama'a suka ɗaga nasu. Ya buɗe baki, harshen ya bi hanyar da ya saba: "Allah ya tsare..." Ya tsaya. Ya sake gwadawa, maganar ta ƙi fita. Daga cikin zaure, bayan asabari inda mata suke, muryar Kaka ta fito, ba kaifin nan da aka san ta da shi.

"Ka ce Allah ya jiƙanta, Ari."

Ya daɗe hannuwansa na sama. Da ya faɗa, na kusa da shi ne kawai suka ji, su suka fara cewa amin, sauran suka ɗauka.